Buhu Huɗu na Farar Ƙasa da Suka Bar Sito

Shafa'atu Sadiƙ 'Yandoto,
Mataimakiyar Jami'in Gwaji,
Shirin Gwajin Ruwan Ƙauyuka,
Gusau.
Litinin, 19 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa Ido,
Shirin Gwajin Ruwan Ƙauyuka,
Gusau, Jihar Zamfara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FITAR DA ƘASA MAI ƊAUKE DA DALMA DAGA SITON OFIS, DA ROƘON A DAWO DA ITA KAFIN KASUWAR TSAFE TA SAKE CI

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, shi da iyalinsa da sauran 'yan kwamiti. Mai wannan ƙorafi ita ce Shafa'atu Sadiƙ, wadda aka ɗauka aiki ranar Litinin, 2 ga Fabrairu na bana, bayan ta gama karatun kimiyyar sinadarai a jami'a ta kuma yi bautar ƙasa. Mai yiwuwa Shugaba bai shaida ta ba, ko da yake sau uku yana shigowa ɗakin gwaji tana ciki. Ita ce wadda ke tsayawa bayan shuɗin duro. A zuwansa na biyu Shugaba ya ce ashe ba kowa a ɗakin, ita kuwa ta ga bai dace ta musa wa babba magana ba.

Tana roƙon a karanta takardar nan yau, kada ta kwana a tire. Akwai buhu huɗu na ƙasa mai dafi a wani gida a Tsafe, ana shirin kai ta kasuwa a sayar wa mata masu juna biyu su ci, kuma daga sitonmu ta fita.

Asalin maganar

Ranar Talata, 10 ga Maris, ofis ya tura mai ƙorafi wata unguwa a bayan garin Bungudu, inda akwai kududdufin da mata ke ɗiba idan rijiya ta ja baya. A bakin kududdufin wasu mutane ke fasa tsofaffin batiran mota, su zubar da ruwan, su wanke farantan ciki, su narka dalmar. Ruwan a ido garau yake. Maganin gwajinmu kore ne, idan ya haɗu da dalma sai ya koma ja. Da ta gwada, jan da ya yi sai da direbanmu ya fasa alwalar da ya fara da ruwan.

Dalma idan ta narke a ruwa ba ta da launi, ba ta da wari. Tafasawa ba ta korar ta, ƙyallen tata ba ya tare ta. A jini da ƙashi take taruwa, kuma waɗanda ta fi yi wa illa su ne ƙananan yara da ɗan da ke ciki, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa.

A nan mai ƙorafi na neman izinin yin bayanin abu ɗaya, wanda kusan shi kaɗai take iya faɗa muryarta ba ta yi rawa ba. Ƙwayar yumɓu ba dunƙulalliya ba ce kamar ta yashi. Falle-falle ce, sirara ƙwarai, a jere kamar ganyen littafi, kuma fuskar kowane falle tana da wani irin ja mai kama da na maganaɗisu. Ƙwayoyin ƙarfe da suka narke a ruwa, irin dalma, idan suka zo wucewa sai wannan jan ya fizgo su, su manne, yadda ƙarangiya ke kama gefen zane idan an ratsa gona. Gwargwadon laushin ƙasa, gwargwadon yawan fallayenta, gwargwadon abin da za ta kama. Amma yumɓun bai kashe dalmar ba, bai kuma mayar da ita wani abu ba. Riƙe ta kawai ya yi a jikinsa, kuma riƙon na da iyaka: idan ruwa mai tsami ya same shi, sai ya saki abin da ya kama. Ana roƙon Shugaba ya riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin cikin ɗan Adam tsami gare shi, mai ƙarfi kuwa.

Mai ƙorafi ta gwada ƙasa iri uku. Yashin gulbi bai kama komai ba. Jar ƙasar gona ta kama kaɗan ta gaji. Wanda ya yi aiki shi ne farin yumɓun 'Yandoto, da ta samo wajen Inna Lantana, yayar mahaifiyarta, maginiyar tukwane. Inna Lantana ta ba da shi ne tana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa ga 'yarsu ta yi shekara huɗu a jami'a ta dawo neman ƙasar da suke takawa, da an bar ta a gida da yanzu ta iya ginin randa. Da ana ɗora buhunan a mota kuma ta ja ta gefe ta ce ta riƙa rufe abinta, domin wannan ƙasar tana da maciya, masu ciki har ramin suke biyo ta. Mai ƙorafi ta rubuta wannan magana a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashinta, ta rufe littafin.

Cikin Afrilu da Mayu ta daka yumɓun a turmi, ta tankaɗe da rariya, ta riƙa dama shi cikin durorin ruwan kududdufin tana bari ya kwanta. Ruwan da ke tasowa sama, da an gwada, kore. Ta maimaita har yumɓun ya ƙoshi ya daina kamawa. Yumɓun da ya ƙoshi ta shanya a tsakar ofis, ya bushe fari fat, mai laushi, wanda babu irinsa a kasuwa. Buhu bakwai. Ta liƙa wa kowane buhu takardar gargaɗi da jan biro, ta miƙa su sito ranar Litinin, 1 ga Yuni. Gara ce kaɗai ta kula da takardun, ita ma cinye su ta yi.

Ƙorafe-ƙorafe

1. Ranar Litinin, 15 ga Yuni, mai ƙorafi ta rubuta wa shugaban sashenmu tana neman a haƙa rami mai zurfi, a shafe shi da siminti, nesa da rijiya, a binne buhunan. Ba a ba ta amsa ba. Bayan mako biyu ta hangi takardar a teburinsa, kofin shayi a kanta, da shatin gindin kofi uku. A taron wata na ranar 6 ga Yuli, da aka tambaya ko akwai mai sauran magana, ta ɗaga hannu har daidai kafaɗa. Shugaban sashe ya ce, to, Malama Shafa'atu. Mutum goma sha ɗaya suka juyo. Ta ce gyalenta take gyarawa. Ba ta ɓoye wannan ba, domin akwai shaidu.

2. Ranar Alhamis, 24 ga Satumba, kamar yadda ta gano daga baya, Malam Attahiru mai sito ya kwance buhunan ba tare da ya tambayi ɗakin gwaji ba. Ana shirin bikin ɗaya ga Oktoba, an ce a shafe duwatsun bakin hanya da gindin itatuwa, ba a kawo farar ƙasa ba, shi kuwa yana da buhu bakwai suna tare masa wuri. Buhu biyu suka tafi shafe. Ɗaya aka kwance a bakin sito, duk mai so ya ɗiba. Huɗu ya ɗora wa wata 'yar'uwarsa a motar Tsafe, kyauta. Mai ƙorafi ta yi mako biyu tana wucewa ta tsakanin fararen duwatsun nan safe da yamma, har ta ce a ranta ofis ya yi kyau. Wadda ta iya bambanta ƙasa uku da ido ba ta shaida tata ba da aka shafa ta a gindin darbejiya.

Da ta tuntuɓi Malam Attahiru, cewa ya yi ƙasa ce fa, shi shekararsa ashirin yana riƙon sito bai taɓa ganin an sa wa ƙasa kwaɗo ba, idan gwamnati na neman ƙasa ga ta nan bayan ofis har Bungudu. Tun watan Mayu yake kiran mai ƙorafi Likitar Ƙasa, sunan ya bi ofis, ita ma tana amsawa. Tana so a rubuta cewa ba ta ga mugunta a abin da ya yi ba. Kyauta ya yi da abin da ya ɗauka ba shi da mai shi, kuma mai shi ba ta taɓa leƙa siton ba tun Yuni, saboda yana zama a bakin ƙofa da abokan hirarsa, sai an ratsa su.

3. Wannan shi ne mafi nauyi, kuma ana roƙon Shugaba ya yi haƙuri da tsawonsa. Hanatu Ishaya ita ce mai share ofishinmu, tana zaune a Sabon Gari, mijinta kafinta ne. Tana da cikin wata bakwai, bayan ɓari biyu. Ba a faɗa wa mai ƙorafi wannan ba; wanda ba ya magana yana jin abubuwa da yawa. A duk ofishin nan Hanatu ce kaɗai ke shigowa ɗakin gwaji ba don neman wani abu ba. Takan ajiye dafaffiyar gyaɗa a kan tebur, ta ce Ƙanwata, ci, kada iska ta ɗauke ki.

Ranar Laraba, 7 ga Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, mai ƙorafi ta ga farin gari a gefen bakin Hanatu. Ta ga ta kwance ƙulli a bakin zaninta, ta gutsuri wani abu, ta lumshe ido. Laushin garin ta shaida, domin rariyarta ce ta tankaɗe shi.

Abin da ya kamata ta yi a nan ba ya buƙatar digiri. Amma Shugaba ya san yadda aka yi mana tarbiyya: budurwa ba ta buɗe baki ta yi wa matar aure maganar cikinta, ko da cikin ya riga mai shi shiga ɗaki. Don a ce kada ki ci wannan, sai a faɗi dalili, dalilin kuma shi ne abin da ba a ambata. Mai ƙorafi ta gaishe ta da aiki. Ta tambaye ta ya ruwan sama a Sabon Gari. Ta shiga ɗakin gwaji ta tsara jumla biyar a takarda, ta zaɓi ɗaya, ta fito, ta sake gaishe ta da aiki. Ta ce wa kanta wataƙila ba ita ba ce, farar ƙasa ai tana da yawa a duniya. Ranar Alhamis ta je sito don ta tabbatar, aka ce Malam Attahiru ya tafi jana'iza da makulli. Ta dawo ta ci gyaɗar Hanatu.

Ranar Juma'a, 9 ga wata, da ta ga bakin ya ƙi, sai ta miƙa hannu ta karɓe ƙullin daga hannun Hanatu. Ta ja ta ɗakin gwaji, ta jiƙa ƙasar da ruwan lemon tsami, ta tace, ta gwada a gabanta. Koren ya koma ja. Sannan ne maganar ta fito, a cakuɗe, rabi Hausa rabi darasin aji biyu na jami'a. Hanatu ta kifa bokitinta ta zauna a kai, ta dafe cikinta da hannu biyu. Tun 25 ga Satumba take ci daga buhun da aka kwance a bakin sito, kaɗan-kaɗan, kullum. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ta yi, wai yaushe Ƙanwata ta gane. Aka ce mata shekaranjiya. Ta dubi mai ƙorafi, sannan ta tambaye ta ko da maciji ta gani a bakin zaninta, shi ma sai ta jira Juma'a.

 Mai ƙorafi ba ta san yawan dalmar da ta shiga jinin Hanatu ba. Kayan aikinmu na ruwa ne, ba sa auna jini. Tana iya yiwuwa kaɗan ce. Ta maimaita wa kanta wannan jumla sau da yawa, ba ta kama komai ba, kamar yashin gulbi.

4. A ranar mai ƙorafi ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ta tattaro ragowar buhun da aka raba. Hanatu ce ta yi maganar, ita mai ƙorafi tana riƙe da buhu. An samu kusan duka, domin sauran shafe ɗaki suka yi niyya, ba su kai ga yi ba. Ranar Litinin, 12 ga wata, mai ƙorafi ta shiga ofishin shugaban sashe ta faɗa masa da baki, tana kallon fanka. Ya ce ta sa a rubuce. Ta sa. Ya ce zai duba idan ya dawo daga taron bita. Ya tafi ranar Talata, har yau bai dawo ba, wannan ne ya sa ta tsallake shi ta zo ga Shugaba, tana neman gafarar tsallaken. Shi kuma Malam Attahiru ya ƙi faɗin inda buhu huɗun suka tafi, wai ba ya son a jawo wa 'yar'uwarsa gwamnati. Sai ranar Juma'a, 16 ga wata, Hanatu ta tsaya masa a bakin sito da tsintsiya a hannu, gaban abokan hirarsa, ta ce ya dubi cikinta da kyau ya sake cewa ƙasa ce. Minti biyu aka yi ya faɗi suna da unguwa. Abin da mai digiri ta yi mako tana zagaye.

5. Ranar Asabar, 17 ga wata, mai ƙorafi ta shiga mota ta tafi Tsafe, gidan Hajara, 'yar'uwar Malam Attahiru, wadda ke sayar da kanwa da farar ƙasa a kasuwa, takan kuma kai har 'Yankuzo. An karɓe ta hannu biyu, aka dama fura. Wannan karon awa ɗaya kacal ta ɓata kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, kuma tana roƙon a lissafa wannan cikin ci gaba.

Hajara ta yi dariya har ta riƙe bango. Ta ɓalli ƙasar ta ɗora a harshe, ta ce wannan ta 'Yandoto ce, ta san ta kamar tafin hannunta, uwarta ta ci, ita ta ci a ciki tara, ga su nan duk suna noma. Shekara talatin tana sana'ar ba ta ga mai laushin wannan ba, ko tsakuwa ɗaya babu. Ta tambayi mai ƙorafi ita 'yar gidan wa ce. Da ta ji sunan Inna Lantana, sai ta ce af, wato Lantana ce ta turo 'yar boko ta kashe mata kasuwa, to a gaishe ta. Mai ƙorafi ta yi bayanin fallaye da maganaɗisu da tsami. Hajara ta ce ita a cikinta tuwo ne, ba lemo ba. Sai mai ƙorafi ta sa hannu a jaka don ta nuna mata ja da kore, ta tarar ta bar kwalbar gwajin a Gusau. Harshe ɗaya ke gare ta, shi ta manta.

Ƙarshen maganar Hajara shi ne kyautar ɗan'uwa ba a mayar da ita don maganar yarinya, sai dai mai unguwa ya zo da kansa da takarda mai hatimi. Ta dai yarda, don albarkacin furar da aka sha tare, ba za ta fitar da ko ɗaya ba sai ranar kasuwa. Buhu uku suna ɗakinta a ɗaure. Na huɗun ta riga ta kwaɓa ta dunƙula ƙanana, suna shanye a tabarma biyu a jere reras. Mai ƙorafi ta ƙirga gurabe goma sha ɗaya babu komai a cikinsu. Hajara ta ce maƙwabta ne suka zo ɗanɗano, ba ta riƙe sunayensu ba, wa ke ƙirga mai ɗanɗano.

6. Ƙorafi na ƙarshe a kan Mataimakiyar Jami'in Gwaji ne, wato mai ƙorafi. Ita ta tara dafin da ke warwatse cikin kududdufi guda ta dunƙule shi wuri ɗaya, ta tankaɗe shi ya yi kyau, ta ajiye a inda ba ta iya shiga. An gargaɗe ta tun a 'Yandoto. Ta san abin da tsami ke yi wa yumɓu, ta ci jarrabawa a kansa da maki mai kyau. Ta ga komai a kan lokaci, kamar kullum, ta riƙe. A wannan fannin ba ta da bambanci da ƙasar da take nazari, sai dai ita ƙasar aikinta ke nan.

Abin da ake roƙo

Na farko, kuma shi ne na gaggawa, a ba da takarda mai hatimin kwamiti da motar ofis gobe Talata, a je wajen mai unguwar su Hajara, a ɗebo buhunan uku da abin da ke kan tabarma, har da tabarmin. A tafi mata da buhun yumɓu mai tsabta a madadinsu; Inna Lantana ta ce za ta bayar, da sharaɗin a faɗa wa Hajara daga wa ya fito.

Na biyu, a tura Hanatu Ishaya babban asibitin da ke iya auna dalma a jini cikin makon nan, da wasiƙar ofis, kada a bar mijinta yana yawon tambaya.

Na uku, a haƙa ramin da aka nema tun 15 ga Yuni. A kankare duwatsu da gindin itatuwan ofis a zuba a ciki, domin ruwan sama na wanke su zuwa kwata, awaki kuma na lasa. A kuma dubi maganar masu fasa batir a bakin kududdufin Bungudu, don ruwan bai daina zama ja ba saboda mun shagala.

Na huɗu, kada a kori Malam Attahiru. A ba ɗakin gwaji ƙaramin sito da kwaɗonsa. Idan kwamiti ya ga akwai wanda ya cancanci takardar tuhuma, sunanta na ƙasan wannan, sai dai tana roƙon a bari sai bayan kasuwa.

Na biyar, saboda guraben nan goma sha ɗaya da ba a san cikin wa suka shiga ba, a ara wa ofis lasifika ranar kasuwar Tsafe. Ba a neman mai shela, domin za a yi tambayoyi, kuma mai amsar mutum ɗaya ce. Mai ƙorafi za ta hau bayan motar, da kwalbar gwaji ɗaure a bakin gyalenta, ta faɗa wa matan kasuwa abin da ke cikin ƙasar da abin da yake yi wa ɗan da ke ciki, da kalmar, ba zagaye. Ta gwada faɗin ta jiya a bayan gida, kaji sun watse. Hanatu ta ce idan likita ya bar ta za ta biyo motar, ba don ta yi magana ba, wai za ta tsaya a ƙasa daidai gabanta ne da cikinta, ta ga ko za a sake gyaran gyale.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya sauki Hanatu lafiya. Ina bakin ƙofar ofishinka tun ƙarfe takwas na safiyar gobe. Idan ka fito ka ga kamar ba kowa, akwai, kuma wannan karon zan faɗa.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Shafa'atu Sadiƙ 'Yandoto
Mataimakiyar Jami'in Gwaji